Filin Lafiya: Ido Lafiya Lau, Gani Ya Ragu

Ba kowane ciwon gani ne ke cikin ido ba. Ido taga ce kawai. Wurin da ake tantance abin da aka gani yana can cikin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya.

A jikin mai lafiya, jijiyoyin da ke kai jini suna rarrabuwa zuwa ƴan sirara kafin su haɗu da masu maido da shi zuciya. Amma a kan haifi mutum da wani ƙulli inda manyan jijiyoyin suka haɗu kai tsaye, jini na kwarara da ƙarfi ba abin da ke rage masa gudu. Likitoci na kiran wannan MAV da Faransanci. Ba ta kama ko mutum 1 cikin 100, kuma galibi tana bayyana tsakanin shekara 10 da 40.

Idan ƙullin yana ƙeya, mai shi kan ga walƙiya kullum a gefe guda, da ciwon kai, wani lokaci da farfaɗiya, ko rabin abin da ke gabansa ya ɓace. Ɗan kasuwar da ya taso daga Tsibiri kan babur sai ya kasa ganin amalanken da ke hagunsa. Ma'aikaci a biro sai ya riƙa tsallake farkon layi. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. In duhun bai bar gefensa ba, a tuhumi ƙwaƙwalwa.

Tabarau na babbar kasuwar Maraɗi ba ya maganin wannan, haka kwalli ko hayaƙin iskoki. Babban haɗarin shi ne ƙullin ya fashe, abin da kan sami mutum 2 zuwa 4 cikin 100 na masu shi a kowace shekara, ya jawo shanyewar jiki ko ajali.

Likitan ido zai auna faɗin gani, amma hoton sikanar ko IRM ne ke nuna ƙullin. Daga nan likitocin ƙwaƙwalwa, irin na Yamai, su ke zaɓa tsakanin fiɗa, toshe jijiyar, ƙona ta da haske, ko sa ido kawai.

Saboda haka, a Jiratawa ko a Maraɗi, wanda ciwon kai mai tsanani ya faɗo wa farat ɗaya, da amai ko ɗaukewar gani, kada a jira wayewar gari. A kai shi asibiti nan take.