Macijin Kusugu yana da dangi a Turai

Duk yaron da ya tashi tsakanin Urafan da Tasawa da Mayahi ya san labarin Bayajida tun bai shiga lakwal ba: baƙo ya zo daga gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya kashe macijin rijiyar Kusugu wanda ke hana mutanen Daura ɗibar ruwa sai ran Juma'a. To, ashe macijin nan yana da dangi a Turai har gida biyu, kuma kowane gida ya ci kasuwa da nasa.

Gida na farko na yara ne, wato littattafan Harry Potter guda 7 waɗanda J. K. Rowling, mutuniyar Ingila, ta fitar daga 1997 zuwa 2007, aka sayar da fiye da miliyan 500. Na biyu na manya ne, wato "Zoben Nibelung" na Bajamushe Richard Wagner, wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa tun daga farko har ƙarshe, kashi 4, wajen awa 15. Shekara 26 ya yi yana haɗa shi, aka fara nuna shi cikakke a garin Bairoit a 1876.

Mai karatu ya auna da kansa. Harry maraya ne, ya girma a hannun ƴar'uwar mahaifiyarsa da mijinta, makwancinsa ƙarƙashin matakala. Sigfirid, jarumin Wagner, shi ma maraya ne, wani maƙeri ya rene shi don kwaɗayin zinariya. Harry ya zaro takobi daga cikin hula ya kashe ƙaton maciji a ƙarƙashin makaranta. Sigfirid ya ɗinke karyayyen takobin ubansa a maƙera ya kashe dodon kogo. Wancan yana jin maganar macizai, wannan ya lashi jinin dodo ya ji maganar tsuntsu. Harry ya gaji mayafin ɓacewa, a wurin Wagner kuwa hular ƙarfe ce ke wannan aiki, alhali Bahaushe ya daɗe da sauƙaƙa abin ya mai da shi layar zana. Har ɗan tauri akwai: an dafa Sigfirid ko'ina ban da baya, ta nan kuwa mashi ya shiga. Kowane labari da zobensa mai la'ana, don shugaban makarantar su Harry ma da ya sa wani zobe sai hannunsa ya ƙone ya yi baƙi.

Inda suka rabu shi ne abin da ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su tsaya a kai. Masifar labarin Wagner duka daga kwangila ta taso. Sarki Wotan ya sa wasu ƙatti biyu, wa da ƙane, su gina masa fada, ba ko dala a baitulmali, ya yi musu alkawarin ƴar'uwar matarsa a bakin lada. Da gini ya ƙare magina suka zo karɓa, sai ya ƙwace zinariya da zobe daga hannun ɓarawon da ya sato zinariyar daga kogin Rin, ya biya da kayan sata. Nan take ɗaya maginin ya kashe ɗan'uwansa wajen rabo. Daga nan gawa ta dinga bin gawa, sai a dare na huɗu aka mai da zoben cikin kogi, lokacin da wuta ta riga ta kama fadar. Abin da za a yi tun daren farko, kowa ya tafi ya kwanta! Bashi hanji ne, yana cikin kowa: shi kansa Wagner bikin 1876 ya bar shi cikin bashi, gidan wasan bai sake buɗewa ba sai 1882.

Harry kuwa yana ɗan shekara 17 sandar sihirin da ta fi kowace ƙarfi ta faɗo hannunsa. Ya gyara tsohuwar sandarsa da ita, ya ce a mai da ta kabarin da aka ɗauko ta. Bayajida ma kan maciji kawai ya ɗauka, ya bar wa gari rijiyarsa, ladansa kuwa sarauniya ce ta ba shi da kanta.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wannan karo dai yaron ne ya hango daga ƙasa. Saboda haka mai sa hannu a takardar kwangila bai duba asusu ba, da mai biyan bashin Musa da dukiyar Isa, ba sai sun sayi tikitin Bairoit ba. Su zauna kusa da ƴaƴansu in an fara tatsuniya, kyauta ce, kuma ba ta kai awa 15.