Malamin Yaƙi Da Jahilci: Wa Ya Tambaye Shi?

Ya ku malamai da fatake, ga wata magana game da masu koya wa manya karatu.

Tun shekarun 1950 da Gwamnatin Jihar Arewa ta ta da Yaƙi da Jahilci, aikin nan bai daina sauya hannu ba. Hukumar NORLA ta Zariya, mai buga littattafan aji da jaridun larduna, an rufe ta a 1959. A 1967 aka raba Arewa jihohi shida. A 1976 En'e ta koma ƙaramar hukuma. A 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya kafa wa Kano hukumar ilmin manya, a 1990 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa tata.

Ba mu ƙi gyara ba. Amma duk sa'ad da ofis ya sauya, nauyin a kan malamin zaure ya ke sauka. A kawo masa sabon littafi ba a koya masa shi ba, alawus ɗinsa kuwa ya maƙale tsakanin tsohon ofis da sabo. Alhali shi ya san ɗalibinsa magidanci ne, ba ya zuwa ran kasuwa, ba ya zuwa da damina sai ya taso daga gona. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Idan malami ya gaji ya bar aji, hasara a kan ɗan kasuwa ta ke. Wanda bai iya duba rasit ba, bai iya karanta abin da sikeli ya nuna ba, dukiyarsa tana hannun wani.

Abu uku na ke roƙon hukuma. A yi shawara da malaman aji kafin a sauya tsari. A biya su haƙƙinsu a kan kari, gama Shari'a ta hana jinkirta ladan ma'aikaci. A kuma bar su su fara da ajami ga wanda ya iya shi, daga nan su haye da shi zuwa boko, don wanda ya sauke Alƙur'ani ba jahili ba ne.

Ku kuma attajirai, ara wa aji zaure da fitila sadaka ce mai gudana. Allah Ya sa mu dace, amin.