Hazon Hunturu da Tuƙin Mota: Darasin da Babu Shi a Ajinmu

Bahaushe bai san dusar ƙanƙara a ƙasarsa ba, shi ya sa ma bai tanadar mata suna na kanta ba. Ƙanƙarar da ya sani ita ce wadda kan faɗo da damina ta farfasa ganyen dawa, sai ya dubi wannan baƙuwa fara, ya ga ta yi kama da dusa, ya haɗa kalmomin biyu. Amma idan aka zo batun hunturu, a nan ne harshen yake nuna arzikinsa. Akwai ɗari, wato busasshen sanyi mai zuwa da iska, wanda ya bambanta da sanyi mai danshi. Akwai jaura, akwai hazo, akwai kuma kaushi da faso da suke bari a ƙafa. Al'ummar da ta rarrabe yanayi haka ba za a ce ta jahilce shi ba. Abin tambaya shi ne, me ya sa wannan sani ya tsaya ga jiki da ɗaki, bai hau titi ba?

Mutanen ƙasashen sanyi sun ɗauki hunturunsu a matsayin abokin gaba mai zuwa da alkawari, saboda haka suka yi masa doka. A lardin Kwibek na Kanada, tun shekarar 2008 aka wajabta sanya tayoyin hunturu, kuma yanzu wajabcin yana farawa ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Jamus ta kafa tata dokar a 2010, inda ta ɗaure ta da halin da titi yake ciki maimakon kwanan wata. Suwidin kuwa tun 1977 ta tilasta kunna fitilar mota ko da rana tsaka. Hukumomi kan zuba gishiri a titi domin ya narkar da ƙanƙara, kuma mai koyon tuƙi a Ingila yana karanta cewa a kan ƙanƙara tazarar tsayawar mota kan iya ninkawa har sau goma.

Namu hunturun ba ya sa titi santsi, ido yake rufewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan taso daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. A ranar da hazo ya yi kauri, abin da ke nesa da kilomita guda ba ya ganuwa, har jirage kan fasa sauka a Kano. Abin lura kuma, wannan ne lokacin da hanyoyin Ikara da Makarfi da Kudan suka fi cika. Rake ya nuna, ana ta lodinsa, masu mazarƙwaila sun kafa bukkoki, tumatir da tattasai na fitowa daga fadamu. Manyan motoci da babura da amalanken shanu duk suna kan kwalta ɗaya tun asuba. A gefenta kuma ga yaran Malikanchi ko na Hunƙuyi sun nufi makaranta, sun ƙudundune cikin mayafi, kunnuwa a toshe, ba sa jin ƙarar abin da ke tahowa a bayansu. Wani ma ya cinna wa daji wuta yana neman gafiya, hayaƙi ya haɗu da hazo.

Na taɓa shiga motar haya daga Zariya wata safiya cikin Janairu. Dab da Tashar Yari sai ga babbar motar rake ta lalace a kan hanya, ba fitila ba alama, in ban da 'yan ganyayen da aka yayyafa, su ma ƙura ta mayar da su kalar ƙasa. Allah ne ya tsare. Da muka yi wa direba magana, sai ya ce, "Malam, shekara ashirin nake bin hanyar nan." Haƙiƙa ya san hanya, amma saninta ba ya ƙara wa ido nisa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafa ta kai ga birki. Sabo, in ji Hausawa, turken wawa.

Za a ce ai wannan aikin Hukumar Kiyaye Haɗurra ce, wadda aka kafa a 1988, kuma tana yin gargaɗi idan hunturu ya kama. Na yarda. Sai dai jami'inta ba ya kaiwa kowane ƙauye, malamin firamare kuwa yana can kullum. Yawancin masu tuƙa babur da motar haya a wannan yanki ba su taɓa zama a makarantar koyon tuƙi ba, a tasha suka koya wajen ubangida, amma da dama sun zauna a aji uku ko huɗu. Nan ne kaɗai za a iya riskar su gaba ɗaya, kuma da harshen da suke tunani da shi.

Saboda haka nake ganin malamin Hausa ya fi kowa dacewa da wannan aiki. Idan zai koyar da insha'i a zangon karatu na biyu, maimakon "Ranar da ba zan manta ba" da aka gaji da ita, ya ce yara su siffanta hanyarsu ta zuwa makaranta a ranar hazo. Daga rubutunsu zai ciro tambayoyi. Me ya sa mai tafiya a ƙasa zai fuskanci motoci masu tahowa? Me ya sa babbar fitila ke dawo wa direba da haske a ido cikin hazo, ƙaramar kuwa ta nuna masa kwalta? Me zai faru da gilashi idan aka goge ƙura ba ruwa? Ya kuma aike su gida su tambayo kakanninsu sauran sunayen iskar hunturu, domin na tabbata akwai waɗanda ake faɗa a Malikanchi da har yau ba su shiga ƙamus ba.