KARATUN JAMI'A TA WAYA: WA ZAI TSARE ƊALIBI?

Tun da aka rufe jami'o'in ƙasar nan cikin watan Maris na 2020 saboda annobar korona, karatu ta intanet ya samu gindin zama. Malami yana Zariya, ɗalibi yana Agege ko Sasa ta Badun, waya ce kurum ta haɗa su. Magidanta da yawa cikin 'yan Arewa mazauna Kudu sun yi murna, don kuwa yaro yana neman digiri, yana kuma taya tsaron shago, ba kuɗin mota, ba na ɗakin kwana.

Abin ba baƙo ba ne. Dattawa sun tuna zamanin da akawu kan aika kuɗi Ingila a aiko masa da darasi ta gidan waya daga Wolsey Hall. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa Jami'ar Karatu Daga Gida a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Amma fa takardar akawun nan ba ta ƙara, ba ta kuma nuna ƙwallon Turai. Wayar da ke kawo lacca yau ita ce ke kawo WhatsApp da TikTok.

A harabar jami'a akwai masu riƙe ɗalibi ba tare da ya sani ba: lokacin shiga aji, idon malami, da kunyar abokai. A karatun waya duk wannan nauyi ya koma kansa shi kaɗai. Laccar da aka ɗauka aka ajiye ba ta gudu, saboda haka sai ya ce gobe. Gobe ta zama jibi, har darasin wata uku ya taru, ya zo yana haɗiyarsa a makon jarrabawa. Wani kuwa sai ya shiga Zoom, ya kashe kyamara, sunansa yana aji, shi yana cinikin albasa a Mile 12. Har akwai masu biyan yaran shagon kwamfuta su yi musu aikin gwaji. To, ranar jarrabawa fa?

Laifin ba na yara ba ne su kaɗai. Uban da ya ga ɗansa a gida riƙe da waya, sai ya ɗauka zaman banza yake yi, ya aike shi. Ga tsadar data, ga rashin wuta.

Ya kamata uba ya yanke wa ɗansa awa biyu ko uku kullum, ko da bayan asuba ne, ba aike, ba shago. Ɗalibai kuma su haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu kowane mako, kowa ya bayyana abin da ya karanta. Sarakunan Hausawa na Ikko, Badun da Fatakwal suna iya ware ɗaki guda kusa da masallaci, a sa sola da tebura. Kuɗin bai kai na saniya biyu ba.