Hirar Jirgi a Ƙasar Tudu

Sharhinmu na yau ya yada zango a Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji, ba nisa da birnin Maradi. Ƙasar tudu ce, ta gero da wake da jar akuya. Babu kogin da ke gudu duk shekara a nan, balle mashigar jirgi. Duk da haka, wanda ya zauna fadar masoya kokawa bayan sallar isha'i zai iya jin an shafe rabin dare ana maganar kwale-kwale, kuma wannan ne ya sa muka ɗauko zancen.

Abin da ya tara su dai kokawa ce. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maradi ya ɗauke shi, mutanen jahar nan suke ganin da su aka haifi abin. Filin kokawar Maradi ma sunansa yake ɗauke da shi. Saboda haka in sanyi ya shigo, gasa ta matso, za ka tarar da su kewaye da rediyo ko salula, buta bisa gawayi, ana gardama kan wanda zai kai ƙasa da wanda asirinsa ya karye. Sai dai gardamar ba ta wuce shayin farko. Kafin a zuba na biyu wani ya juya ya ce, "Kawu, yaya mai jiki? An dawo da ita daga likita?" Wani ya tambayi ranar suna. Wani ya kawo kukan kuɗin tiyar gero, wani ya ba da labarin yadda aya ta yi a wajen Agye da Gazawa bana. Nan ake jin wanda ɗansa ya tafi Libiya ya daina kira, nan ake haɗa dala ɗari ɗari a sayo wa wani magani ba tare da an kunyata shi ba.

Cikin irin wannan zama ba a rasa saurayin da ke zuwa Madarunfa sarin kifi, ya ɗauro a bayan babur ya bi ƙauyuka. Shi ne mai kawo labarin ruwa. Ku saurari yadda dattijo ke tare shi:

"Kai yaro, da ka ce ka shiga jirgi, ka iya ruwa?"

"Baba, ai mai jirgin ya iya."

"To in ya kife, kai zai ɗauka ko tarunsa?"

A yi dariya, amma sai yaron ya shiga bayani, kowa ya yi shiru. Ya faɗi yadda ake zama a tsakiyar jirgi, ba a miƙewa tsaye, ba a taruwa gefe guda. Yadda mai tuƙi ke kafa gora a ƙasan ruwa inda ba zurfi, in gorar ta daina taɓa ƙasa ya koma ga filafili. Yadda ake ajiye ƴar ƙwarya ko yankakken galan don kwalfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako. Yadda masunci ke naɗe birgi a kafaɗa, ya juya jiki ya watsa shi ya buɗe, darma ta ja shi ƙasa, ya jawo karfasa da tarwaɗa. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin bayan gari ba, a daren nan ya koyi abin da wata rana zai iya tsirar da ransa.

Tafkin Madarunfa kuwa ya cancanci a yi hirarsa. Yana kudu da Maradi, shi ne ruwa mafi girma a jahar da ke kwana har rani. Kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta suna kewaye da shi, kuma tun 2006 Nijar ta sa wurin cikin jerin waɗanda take son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Gulbin Maradi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo Nijar, ya wuce Jiratawa da Maradi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. Da rani yashi ne, yara na wasa a cikinsa, amalanke na tsallakawa. Da damina kuwa yakan ciko cikin dare guda, ko da ba a yi ɗigon ruwa a nan ba, domin can sama aka yi. Shi ne ya cinye tsohon birnin Maradi a 1945 har aka tayar da gari aka mayar bisa tudu. Kuma ba mu manta da ƙarshen watan Agustan 2024 ba, lokacin da ruwan sama ya rushe gidaje a Maradi, aka yi asarar rayuka.

A Ingila da Faransa akwai ƙungiyoyin masu sha'awar jirgin da iska ke turawa da ƙyalle, su fita teku don nishaɗi kawai, su dawo su zauna hira. Namu jirgin na neman abinci ne, kuma yawancin masu shigarsa daga tudu suka zo, kasuwa za su ko gaisuwar mutuwa a ƙetaren gulbi.

Akwai masu kiran zaman fada zaman kashe wando, har da wasu malamai da ma'aikata. A ganinmu sun yi gaggawar yanke hukunci. A zamanin Seyni Kunce samariya ce ke tara matasa, da sarkinta da umarni daga sama. Fada ta bazu ne bayan taron ƙasa na 1991, ba wanda ya kafa ta, ba wanda ke biyan ta, shi ya sa maganar da aka yi a cikinta take shiga kunne. Manomi bai cika canja yadda yake sassabe don an karanta masa takarda ba. Amma in abokin gardamarsa ya ce, "Ni na bar tohon gawo da kalgo a gonata, zo ka gani," gobe zai je. Sassaben zamani da ya mayar da itatuwa gonakin Maradi tun daga shekarun 1980, har ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna da shi, baki da baki ya fi yaɗuwa.

Ba mu ce fada ba ta da aibi ba. Jita-jita ma ta nan take bi, musamman yanzu da kowa ke da WhatsApp, kuma a yankin da ɓarayin daji suka addabi ƙauyukan bakin iyaka, ƙarya guda tana iya tayar da gari. Akwai kuma magidancin da zai zauna har tsakar dare yana lissafin kayen ɗan kokawa Isaka Isaka, alhali bai bar kuɗin cefane ba. Matarsa tana da hujja in ta yi ƙorafi. Sannan mata da yara, waɗanda su ne suka fi cika jirgi ranar kasuwa, ba sa wurin da ake wannan bayani na zama a tsakiya da kwalfe ruwa. In maigida bai kai maganar cikin gida ba, ta tsaya a bakin tabarma.

Shi ya sa muke kira ga magadan gari da masu kula da agajin gaggawa, daga Gazawa har Gidan Rumji, da su daina jiran sai ruwa ya ci mutum kafin su fito da sanarwa. Tun watan Mayu a bi fada fada, a tafi da sarkin ruwa ko wani masunci da ya san gulbi, a sha shayi da mutane, a bar su su yi tambaya. A karɓi lambar mutum guda a kowace fada, wanda za a kira in an ji ruwa ya taso daga wajen Jibiya. A mashigun da ake fito da jama'a kuma a ƙayyade yawan waɗanda jirgi zai ɗauka, a ajiye rigunan hana nutsewa, a kuma sa wanda zai tabbatar ba a kwashe su an kai kasuwa ba.