Tsoka da jijiya a gudun dogon zango: kira ga masu horar da yaranmu

Duk wanda ya bi ta bakin filin wasa na wata lekol da maraice, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya san abin da zai gani: yara suna kewaya fili sau goma, sau ashirin, malamin wasanni na tsaye da usur a baki. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce yana buɗe musu numfashi. Gaskiyarsa, domin huhu da zuciya su ne tushen gudun dogon zango. Amma a ganinmu rabin aikin ke nan, kuma rabin da aka bari ba ya cin ko dala guda ta gwamnati.

Bari mu fara gyara kalma. Bahaushe yana kiran abu uku da suna jijiya: akwai ta jini, akwai agara mai ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma wadda ke ɗauko umurni daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta laka, ta isar ga tsoka. Mai aikin fassara ya sha wuya da wannan kalma. Ta ukun za mu kira jijiyar saƙo.

Tsoka zare-zare ce, kuma manyan ire-irenta biyu ne. Akwai jan zare mai jinkiri, mai yalwar jini, wanda ke jure aiki na awoyi kamar raƙumi. Akwai mai haske, mai ƙarfi da sauri kamar doki, amma bai jima ba ya gaji. Kowace jijiyar saƙo tana riƙe da nata rukunin zare. A 1957 wani masani na Amurka, Elwood Henneman, ya nuna cewa jiki yana fara tada ƙananan rukunai, waɗanda galibi su ne masu juriya, sai aiki ya yi nauyi ya kira manya. To, idan ƙafa ba ta da ƙarfi, kowane taku nauyi ne gare ta, sai ta kira dokin tun da wuri, mai gudu ya ƙare kafin hanya ta ƙare.

Sai agara, wadda ta taso daga tsokar sha-raɓa ta kama dunduniya. Aikinta kamar na baka ne: ƙafa ta taɓa ƙasa ta miƙe, ƙafa za ta tashi ta sako ƙarfin da ta ajiye. Masanan Ingila sun ƙiyasta a 1987 cewa wajen sulusin ƙarfin kowane taku a cikinta yake ajiye, ba tare da an ƙona abinci ko iska dominsa ba. Sai dai da sharaɗi: tilas jijiyar saƙo ta ɗaure tsokar tun kafin ƙafa ta sauka, domin zaman ƙafa a ƙasa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na sakan ba. Baka mai sako-sako ba ya harba kibiya. Shi ya sa za ka ga mutum biyu masu numfashi daidai, suna gudu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana haki, ɗaya kamar yawo yake yi.

Wannan abu ana koyonsa. A 1999, a ƙasar Finlanda, an rage wa wasu masu gudu wajen sulusin horonsu, aka cike gurbin da tsalle-tsalle da gajeren gudu mai ƙarfi har mako 9. Lokacinsu a kilomita 5 ya ragu, alhali iyakar iskar da jikinsu ke iya sha ba ta ƙaru ba.

Wasu shugabanni za su ce mu ba mu da kayan aiki. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun kilomita 42 da mita 195 a wasannin Olimpik na Roma a 1960, cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16, ƙafarsa babu takalmi. Ba mu ce a tura yara cikin ƙaya da rairayi mai zafi haka nan ba. Abin nufi, ƙarfin yana cikin ƙafar. Ƴan kokowarmu, da suke gasar ƙasa tun 1975 a Tawa, sun daɗe da sanin darajar cinya da ƙwauri. Kuma muna da langa, wadda yara ke yi da ƙafa ɗaya a dandali. In an duba, irin horon nan ne na Finlanda, kakanninmu suka bar mana shi a matsayin wasa.

Don haka muna roƙon malaman wasanni, da masu koyar da su a makarantar INJS ta Yamai, su ware kwana biyu a mako, minti 15 zuwa 20, domin langa, da tsalle, da hawan tudun rairayi a guje na ƴan sakanni. A yi shi a farkon horo, jiki na da sauran ƙarfi, domin jijiyar da ta gaji mugun taku take koya. A fara kaɗan-kaɗan, saboda agara ba ta saurin ƙarfafa kamar tsoka, kuma gaggawa ita ke kawo ciwon dunduniya. A watannin Afirilu da Mayu a yi shi da sassafe, tulun ruwa na gefen fili. A kuma daina sa yaro kewaya fili don ya yi laifi a aji.