Rimot a Hannun Wa?

Da na koma gida Boɗinga hutun da ya wuce, na iske ƙannena uku suna kokawa a kan rimot, littattafansu kuwa suna jibge a lungu. Eugene Polley ne ya fara ƙera rimot marar waya a Amurka a 1955, don hutar da ƙafa. Amma a gidajenmu har ƙwaƙwalwa ya hutar. Yaro yana kishingiɗe, yana latsawa daga ƙwallo zuwa fim har lokacin isha'i ya wuce.

Ina roƙon iyayenmu su riƙe rimot a hannunsu, kallo sai bayan karatu. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu tuna jarrabawa ba ta da maɓallin komawa baya. Allah Ya ba mu sa'a, amin.